Tumatir a tukunyar Kebbe da Tambuwal: Yadda za a kai arhar rani cikin damina

Duk ɗalibin da ake aikensa cefane a Kebbe ko Tambuwal ya san wani lissafi da ba a koyarwa a aji. Kuɗin da za su cika masa leda da tumatir a watan Fabrairu, har mai kayan miya ya ƙara masa gyara, idan Yuni ya kama 'yan ƙwayoyi kawai za a ƙirga masa, wasunsu ma sun fara taushi. Ya koma gida, Inna ta leƙa ledar ta tambayi canji, ya rasa bakin bayani. A wannan makon mun bi tumatir daga fadama zuwa tukunya, daga hunturu har kaka, don mu ga abin da ke kawo wannan hawa da sauka, da abin da matashi zai iya yi da hannunsa don kada miyar gidansu ta rasa ja.

Baƙon da ya zama ɗan gida

Tumatir ba ɗan ƙasar Hausa ba ne. Asalinsa yankin tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, mutanen Meziko na dā suka mayar da shi abin nomawa, sannan Turawan Sifaniya suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Daga can ya bazu zuwa sauran duniya har ya iso gare mu. Shi ya sa idan kuka lura, manyan miyoyinmu na gado, irin su kuka da guro da sure da kalkashi, duk suna tsayuwa da ƙafarsu ko babu shi: daudawa da tonka da ɗan busasshen kifi sun wadatar. Amma yau shinkafa da taliya sun shiga kowane gida, su kuma ba su tafiya sai da jar miya. A Afirka, in aka cire Masar, Najeriya ce ta fi noma tumatir, kuma mafi yawansa daga Arewa yake fitowa. Duk da haka ana ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na abin da aka noma yana lalacewa kafin ya shiga tukunya.

Hunturu da rani: lokacin da kwando ke neman mai saye

Tumatir yana son rana, amma ba ya son zafi mai tsanani, ba ya son yawan laima. Sanyin dare da busasshiyar iskar hunturu su ne abin da ya fi so. Don haka manoman rani ke dasa shi bayan ɗaukewar ruwa, a fadamun da ke bin Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega, da kuma manyan wuraren ban ruwa irin su Goronyo da Bakolori. Bayan dashe da wata biyu zuwa uku a fara tsinka. Da yake kusan kowa lokaci guda yake dasawa, lokaci guda kuma yake nuna wa kowa. Daga Janairu zuwa Maris sai ka ga kwanduna jere a bakin hanyar Sakkwato zuwa Jega da ta ratsa Tambuwal, manyan motoci na lodi zuwa kudu, har kasuwar Mile 12 da ke Legas. Wanda bai samu mota ba dole ya sayar yadda aka taya, domin tumatir ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a jira kasuwa.

A kasuwa za ku ga iri biyu. Akwai mai tsoka da kaurin fata, dogo-dogo, irin wanda ake kira UTC ko Roma. Shi ya fi jure tafiya, shi ya fi kyau da miya da shanya. Akwai kuma mai ruwa da yawan 'ya'ya da tsami, wanda ya fi dacewa a yi amfani da shi a ranar.

Wannan ne lokacin cin tumatir ɗanye. A yanka shi a kan ɗan wake ko garau-garau, a haɗa shi da latas da albasar Aliero da garin ƙuli-ƙuli, ko a zuba shi cikin kwaɗon zogale. Akwai hikima a wannan haɗin da iyayenmu suka saba yi: bitamin C da ke cikin ɗanyen tumatir yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda shi ne ke gina jini. 'Yan mata masu tasowa sun fi kowa bukatar wannan. Sharaɗi ɗaya ne: a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta kafin a sa wuƙa, saboda ƙura da ragowar maganin feshi.

Miyar dage-dage kuwa, sirrinta haƙuri. A markaɗa tumatir da tattasai da tarugu da albasa, a ɗora a wuta ba mai, tukunya a buɗe, har ruwan ya tsane markaɗen ya yi kauri. Sai a soya albasa a man gyaɗa ko manja, a juye markaɗen, a rage wuta a riƙa juyawa har mai ya taso sama. A nan ne gafi da yawancin tsamin ke tafiya. Masu gaggawa kan jefa kanwa don ta kashe tsami. Tana kashewa, amma idan ta yi yawa miyar kan yi duhu, ta kuma lalata wasu bitamin. Wani abin da ya kamata ɗalibin kimiyya ya riƙe shi ne, sinadarin da ke ba tumatir launin ja, wanda ake kira laikofin, jiki ya fi samunsa idan an dafa tumatir da mai. Ke nan ɗanye da dafaffe kowanne da amfaninsa, a riƙa cin duka biyun.

A shekarun nan azumin Ramadan yana faɗowa ne cikin Fabrairu da Maris, daidai lokacin arha, shi ya sa farfesu da miyar buɗa-baki ba su cika gagarar gida ba. Babbar Sallah kuwa tana zuwa ne a Mayu ko Yuni, lokacin da nama ya cika gida tumatir kuma ya yi ɓatan dabo. Don tuwon gobe ake wanke tukunya: miyar layya tun a rani ake shirya ta.

Kauɗa: tsohuwar dabara da ke bukatar gyara

Kusan kashi 95 cikin 100 na tumatir ruwa ne. Wannan ruwan ne ke sa shi ruɓewa, shi ne kuma nauyin da ake biyan kuɗin mota a kansa. Idan aka shanya kilo 20 ya bushe ƙayau, abin da zai rage bai kai kilo 2 ba, amma ɗanɗano da launin miya suna nan a ciki. Wannan ita ce kauɗar tumatir da muka taso muka tarar.

Abin da ke ɓata mata suna shi ne yadda ake shanyar. Wasu sukan baza tumatir a ƙasa ko a gefen titi, ƙura ta hau, kaji da awaki su bi ta kai, kuma sau da yawa wanda ya fara lalacewa ake yankawa. Sakamakon shi ne miya baƙa mai garas-garas da tsakuwa. Ga yadda za a gyara:

A zaɓi tumatir lafiyayye, ja, mai tauri. A wanke, a bar shi ya tsane. A yanka shi falle-falle daidai wa daida, kauri kamar rabin ɗan yatsa, don ya bushe lokaci guda. A barbaɗa ɗan gishiri kaɗan. A shimfiɗa a kan tabarma ko faifai mai tsabta, a ɗora bisa rumfa ko wani abu mai tsayi yadda iska za ta shiga ta ƙasa. A rufe da tsohon gidan sauro wankakke, wanda ba mai magani ba, ko wani yadi mai shara-shara, saboda ƙuda da ƙurar hunturu. A juya shi kullum, a shigar da shi ɗaki da dare. Cikin 'yan kwanaki zai bushe. Alamar ya yi ita ce idan an matsa ba danshi, ba ya manne wa hannu. A zuba a kwalba ko bokiti mai murfi, a ajiye inda rana da laima ba su kaiwa.

Ranar da za a yi miya, a jiƙa shi a ruwan ɗumi har ya yi laushi, a markaɗa da albasa da busasshen tattasai, wanda shi ke dawo masa da ja. Wasu kan daka shi ya zama gari, a riƙa ɗiba da cokali.

Tumatirin kwalba na gida

Hanya ta biyu ita ce a dafa markaɗe a adana a kwalba. A nan sai an kula sosai, domin kuskure na iya zama guba. A markaɗa tumatir shi kaɗai, ba albasa ba tattasai, saboda su suna rage tsamin da ke hana ƙwayoyin cuta rayuwa. A dafa har ya yi kauri. A wanke kwalabe masu murfin ƙarfe da ke rufewa gam, a tafasa su. A zuba ruwan lemun tsami babban cokali 2 a kowace lita, a cika kwalbar da markaɗen yana da zafi, a bar ɗan fili a sama, a goge baki a rufe. A shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, a jera kwalaben, a zuba ruwan zafi har ya shanye kansu, a bar su suna tafasa minti 45. Idan sun huce, tsakiyar murfin zai lotsa ciki, alamar iska ba ta shiga ke nan.

Duk kwalbar da murfinta ya kumbura, ko aka ga kumfa, ko wari ya canza, a zubar, kada ma a ɗanɗana. Wadda aka buɗe kuma a ƙarar da ita cikin kwana ɗaya ko biyu idan babu firij. Zuba mai a saman markaɗe, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa, yana ƙara masa 'yan kwanaki ne kawai, ba ya kai shi watanni. Ƙananan ɗalibai kada su yi wannan aiki sai da babba a kusa.

Bazara: firij ɗin da ba ya son lantarki

Daga ƙarshen Maris zafi ke kankama. A ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40 a Afrilu, shi kuwa tumatir da zarar zafin rana ya wuce digiri 35 furensa kan kaɗe ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba. Ruwan fadama ma ya ja baya, kuɗin man injin ban ruwa ya ƙaru. Kwanduna sai su fara raguwa, wanda aka sayo kuma cikin kwana biyu ko uku ya yi laushi.

Maganin wannan wani malamin makaranta ne ɗan Arewa ya fito da shi fili. Muhammad Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya fito ne daga gidan masu ginin tukwane. A shekarun 1990 ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya a ƙauyukan Jigawa, kuma a 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex da kyautar dala 75,000 a kanta. Yadda abin yake: a samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. A zuba rairayi a gindin babbar, a sa ƙaramar a ciki, a cike tsakaninsu da rairayi, a jiƙa shi sharkaf. A zuba tumatir a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Yayin da ruwan ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, yana tafiya ne da zafin da ke ciki. Dalilin da ke sa ruwan randa sanyi ke nan, shi ne kuma dalilin da ke sa gumi ya sanyaya jiki. Da wannan dabara tumatir da tattasai kan kai kusan mako uku. Ta fi aiki a rani da bazara, lokacin da iska ke bushe. Da damina, iska ta riga ta ƙoshi da laima, sanyin ba ya kai haka.

Damina: da babu gara ba daɗi

Da ruwa ya sauka manomi ya koma gero da dawa da shinkafa. Tumatirin da aka shuka a damina yana fama da cututtukan ganye da ruɓewar saiwa, ruwan sama na kakkaɓe fure, hanyoyin ƙauye kuma sun jiƙe. A wasu ƙauyukan da ke kan iyaka da Zamfara matsalar tsaro ma takan hana zuwa gona da kasuwa. Ɗan abin da ake samu daga nesa yake zuwa, kuɗin mota na kansa.

Wani lokaci annoba kan ƙara wa tsadar nauyi. Tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta, ita ma daga Kudancin Amurka ta fito. Ta shiga Sifaniya a 2006, ta iso Najeriya a 2015. Tana kutsawa ne cikin ganye da cikin ɗan tumatir, inda feshi ba ya saurin kai mata. A 2016 ta yi ɓarnar da har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa a Jihar Kano, wanda aka buɗe a shekarar, ya dakatar da aiki saboda rashin abin sarrafawa. A 2024 ma an ji jiki: alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna matsakaicin farashin kilo ɗaya ya tashi daga kimanin naira 547 a Yunin 2023 zuwa sama da naira 2,300 a Yunin 2024, watan da aka yi Babbar Sallah. A birane har da karas da gurji aka riƙa markaɗawa a miya.

Mu a nan Allah ya yi mana rufin asiri, domin lokacin da tumatir ke ɓuya shi ne lokacin da ganye ke fitowa. Sure da lalo da tafasa da alayyafo da ɗanyen guro duk damina ce kakarsu. Miyar sure da tuwon dawa ba ta neman tumatir, tsaminta ya ishe ta. Gauta ma idan an dafa an markaɗa da tattasai da albasa tana ba miya kauri. Kama da wane ba ta wane, amma tuwo zai wuce. Gidan da ya yi tanadin kauɗa kuwa, dafa-dukarsa ba ta sanin an shiga Yuli.

Abu biyu muke jan hankali a kansu. Na farko, fasasshen tumatir da ake tarawa a gefe a sayar da arha. Wanda ya fashe kawai a hanya, ba wari ba fumfuna, ana iya wanke shi a dafa nan take. Wanda ya yi fumfuna ko ya fara tsami da yauƙi, a bar shi, domin wasu nau'in fumfuna suna barin guba da tafasa ba ta kashewa. Arha ba ta ado, balle wadda za ta ƙare a kantin magani. Na biyu, tumatirin leda da na gwangwani: a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, a guji gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, idan an buɗe kuma a juye ragowar a wani mazubi mai murfi.

Kaka: kabewa ta karɓi aiki

Daga Oktoba kabewa ta nuna, sabuwar gyaɗa ta shigo. Wannan ne lokacin miyar taushe, inda kabewa ke ba da kauri da zaƙi, gyaɗa ta ba da maiƙo, sure ko alayyafo su cika, tumatir biyu ko uku ko ɗan jiƙon kauɗa su wadatar da babbar tukunya. A daidai lokacin ne kuma manoman rani ke yafa iri a ƙananan fangaloli, su dasa bayan mako huɗu zuwa shida, shekarar tumatir ta sake juyowa.

Ɗalibi ma zai iya shiga layi. Tsohon buhu, ƙasa mai kyau da aka gauraya da ruɓaɓɓen takin dabbobi, 'yan huji a gindi, da wurin da rana ke samu: buhu biyar a bayan ɗaki za su ba gida tumatirin kwaɗo na makonni. Ruwan alwala da na wanke hatsi ya isa ban ruwa, muddin ba mai sabulu ba ne. Makarantar da ke da fili da rijiya za ta iya mayar da wannan darasin aikin gona a aikace.

Aikin da muke ba ku

Ku samu ƙaramin littafi. Duk ranar kasuwar garinku, ko a Kuchi kuke, ko Margai, ko Sanyinna, ko Dogon Daji, ko Jabo, ku rubuta kwanan wata da farashin kwando da na kashi, da farashin mudun kauɗa. Kafin shekara ta zagayo za ku ga da idonku watan da ya fi dacewa a saya a shanya, da watan da kauɗa ke daraja. Wanda ya haɗa kuɗi da abokansa biyu ko uku suka sayi kwando a Fabrairu, suka shanya shi da tsabta, suka adana, zai iya sayarwa a damina ya sayi littattafai ko ya rage wa Baba nauyin kuɗin jarrabawa. Kauɗa mai tsabta, ja, marar tsakuwa, ba ta kwantai. Kuma wannan aiki ba na 'yan mata kaɗai ba ne: yanka da ɗaukar kwando da kafa rumfa duk suna jiran samari.

Malaman kimiyya kuma muna roƙonsu su gwada tukunya cikin tukunya a aji. A sa tumatir 5 a ciki, a bar 5 a kan faifai a waje, ɗalibai su riƙa rubuta abin da suka gani kullum. Ajin da ya yi gwajin ya aiko mana da sakamakonsa, tare da sunan makaranta, za mu buga a wannan shafi in Allah ya so.